Ƙanƙara, Kwastan da Ƙwaya Ɗaya

Tun saura shekara guda ya ajiye aiki Ƙanƙara ya kafa ƙusarsa. Da hannunsa ya kafa ta, ba wanda ya sa shi, a jikin allon katakon da ke gefen ƙofar garejin gyaran jiragen sama, inda ake rataye hatimin duk ma'aikacin da ya gama shekarunsa ba a taɓa sa masa jan biro a takarda ba. Hatimi uku ne kacal a allon, masu su biyu ma sun riga mu gidan gaskiya. Ƙusa ta huɗu kuwa tana nan tsirara tana jira, kuma kullum da safe sai ya goge ta da gefen rigarsa kafin ya ce wa kowa ina kwana. Manaja ya taɓa ce masa an san ba a fafe gora ranar tafiya, amma shi Baba ya fafe nasa tun ba a shuka duman ba. Ƙanƙara ya murɗa gashin baki ya ce duman nasa ne, gonar ma tasa ce.

Gashin bakin nan kuwa dole a ɗan tsaya a kansa, don shi ne rabin mutumin. Ƙanƙara gajere ne, siriri, in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe masa riga, amma Allah ya tara masa duk rabonsa a ƙarƙashin hanci. Baƙi wuluk, ko da yake kowa ya san baƙin nan saye ake yi a kanti, ga kauri kamar burushin takalmi, bakunan biyu a murɗe sama da wani mai mai danƙo da yake shafawa kowace safiya. Mai aski ɗaya ne a duniya ya yarda ya kusanci wurin, shi ma sai Ƙanƙara yana riƙe da madubi yana ba da umarni. A gareji kana iya taka masa ƙafa ya yafe maka, amma ka yi wa gashin bakin nan kallon banza, to ka sayi gaba ta wata guda.

Ba a jirgi ya fara ba. Mai buga jikin mota ne a da, a wata rumfa a bakin titi. Wata rana wani dattijo, shugaban masu aikin ƙarfe a garejin jirage, ya kawo motarsa da ta lotsa, ya zauna a benci yana kallon yadda guduma ke sauka a hannun saurayin, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa. Da aka gama ya ce masa wannan hannun asara ne a ƙare shi a kan mota. Shekara talatin da biyu ke nan da wannan magana.

Da surukarsa ta tambaye shi wai shin me yake yi wa jirgin, tun da ba shi ke tuƙawa ba, sai ya ce mata daɓe yake yi. Ta ce daɓe kuma, a sama? Ya ce ai ƙarfe ma yana gajiya kamar ɗan Adam. Jirgi ya tashi ya sauka, ya tashi ya sauka, fiffike yana lanƙwasa yana miƙewa, wata rana sai fatar ƙarfen ta yi ɗan tsagu wanda ido ba ya gani, tsagun ya yi ta tafiya a ɓoye har ranar da zai yi aika-aika. Shi aikinsa ya yi ta jifan fatar da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, dubu bisa dubu, har ta matse ta daɓu, tsagu ya rasa inda zai buɗe baki. Tsohuwar ta jinjina kai, ta tafi ta gaya wa maƙwabta surukinta mai jifan jirgi ne, kuma biyansa ake yi.

Kayan aikinsa iri biyu ne. Akwai babban akwati mai tagar gilashi, inda ake sa ƙarfen da aka kwance daga jirgi, iska ta riƙa feso masa ƙwayoyi. Ƙarar da suke yi a ciki sak ƙanƙara a kan kwanon rufi, kuma daga nan sunansa ya fito. Sai kuma ɗan injin hannu mai juyawa, na wuraren da ba sa kwantuwa, wanda ake ɗaura wa wani ɗan ƙyalle mai tauri da suke kira harshe. A bakin harshen an manne ƙwayoyi ashirin da huɗu a jere, na wani ƙarfe mai nauyi, kowace ba ta kai ƙwayar gero ba. Injin yana juyawa, harshen yana marin ƙarfe, shi ke nan daɓe ya samu. Doka ce a ƙirga su kafin a fara, a sake ƙirgawa in an gama, don ƙwaya guda in ta maƙale a cikin fiffike tana iya birgima ta shiga inda ba a gayyace ta ba, ta ci waya ko ta cije wani abu mai motsi, kuma a sama ba a fakin a duba. A nan ne Ƙanƙara ya gina sunansa. Kirarinsa, wanda duk garejin ya haddace har ana riga shi ƙarasawa, shi ne: ni ƙwaya ba ta taɓa kuɓuce mini ba.

To, a gareji gaskiya ya faɗa. A gida kuma wata magana ce.

Ƙwayoyin babban akwatin nan 'yan banza ne, ba inda ba sa shiga. Kome ya kaɗe jiki, kome ya sauya kaya, sai wasu sun bi shi gida, a naɗin wando, a ɗinkin aljihu, a bayan kunne. A shekarar farko ta aurensa surukinsa ya kawo ziyara, ya yi sallama, ya sa ƙafa a simintin falo, bai tsaya ko'ina ba sai a kan kujera, da gudun da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Dattijon ya gyara hula ya ce lallai gidan nan ana karɓar baƙi da hanzari. An yi dariya, amma da 'yan biyunsu mata suka fara rarrafe suna tsintar komai suna kaiwa baki, dariya ta ƙare. Matarsa ta ɗauki sukudireba ta farke rediyonsa, sabuwa fil, ta ciro mayen ƙarfen da ke bayan lasifika. Ƙanƙara ya yi makokin rediyon nan kwana uku. A rana ta huɗu ya dawo daga aiki ya tarar da ita tsaye a bakin ƙofa, mayen ƙarfe a hannu, ta ce ya ɗaga hannuwa.

Tun ranar yake kiranta Kwastan, har 'ya'yan suka tashi suna zaton sunanta ke nan. Ƙarfe huɗu da rabi na kowace ranar aiki za ka same shi a bakin ƙofa, hannuwa a buɗe, yana mita, ita kuma tana bin sa daga naɗin wando zuwa sama. Duk ƙwayar da ta yi tsalle ta manne sai ka ji ƙas, ita kuma ta ce, an kama ɓarawo. Shi ya ce sharri ne, ita ta sa masa. Ta share su da yatsa ta zuba a kwalba, kwalba in ta cika ta hau saman kabad. Wuri na ƙarshe da take bi shi ne ƙarƙashin hanci, kuma ita kaɗai ce mahalukin da ke yin haka ta kwana lafiya. 'Yan biyu sun girma, sun yi aure, sun bar gidan, ba sauran mai rarrafe, amma ba wanda ya ce a daina. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata tun farko: kada maganar kwalaben nan ta kai gareji.

Ranar da abin ya faru Talata ce, saura kwana tara a rataye hatimi. An sami ɗan tsatsa a cikin fiffiken wani jirgin fasinja, kusa da inda ƙafar taya take kamawa. An kankare tsatsar, saura daɓe, kuma wurin ba ya kwantuwa, sai da injin hannu. Ƙanƙara ya zo yana taƙama kamar ango. Ya fara gwada harshen a kan ɗan siririn sillen ƙarfe na gwaji, sillen ya ɗan lanƙwashe, ya ɗora shi a ma'auni, allura ta tsaya daidai inda littafi ya ce. Ya ƙirga ƙwayoyi da ƙarfi don kowa ya ji, ashirin da huɗu. Ya sa tabarau na kariya, ya hau tsani, ya cusa kai da hannu ɗaya ta wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin fiffiken, injin ya fara kuka. Da ya gama ya duba da gilashin ƙara girma, wurin ya yi tsaf, 'yan ramuka sun rufe ko'ina kamar ɓawon lemo, ba inda ya tsallake. Ya sauko yana 'yar waƙa.

A kan teburinsa ya ƙirga. Ashirin da uku.

Ya yi dariya, ya ce tsufa ya zo. Ya sake ƙirgawa da bakin fensir, ashirin da uku. Ya ɗauko gilashi ya duba, sai ga shi nan a jere na biyu, ɗan gurbi fayau kamar giɓin yaro. Waƙar ta tsaya. Gumi ya karyo masa tun daga tsakar kai, ya nemi kujera ya zauna.

Ba wanda ya gani. A cikin durowar da ke gaban gwiwarsa akwai sababbin harsuna guda shida, kowane da ƙwayoyinsa cif. In ya ga dama, ya jefa wannan a aljihu, ya ɗauko wani ya ɗan goga shi a ƙarfe don ya yi kamar an yi aiki da shi, ya buga hatimi, magana ta mutu. Kada a yi masa ƙarya, ya yi wannan tunanin, har hannunsa ya kai ga mariƙin durowar. Ya ɗaga kai ya hango ƙusarsa tana ƙyalli daga nesa. Sai kuma ya juya ya kalli jerin tagogin jirgin da ke saman fiffiken, ya tuna cewa jibi akwai wanda zai zauna a nan yana cin biskit yana kallon gajimare, bai san wani Ƙanƙara ba, balle ƙusarsa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, tsoron kansa da kansa. Ya saki durowar kamar ta ƙone shi, ya ɗauki harshen ya nufi ofishin sufeto.

Sufeton nan Jan Biro ake ce masa, dalili kuwa a aljihun gaban rigarsa yake. Dogo ne, busasshe, ba wanda ya taɓa ganin haƙoransa. Shekara ashirin yana bin aikin Ƙanƙara da gilashi da tocila yana neman abin rubutawa bai samu ba, Ƙanƙara kuma kullum sai ya tambaye shi ko biron bai bushe ba, ya sayo masa tawada. Yanzu ga Ƙanƙara tsaye a gaban teburinsa, ya ajiye masa harshen. Jan Biro ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ya zaro biron, ya cire murfin, ya daɗe yana kallon bakinsa, sannan ya mayar da murfin ya ce a tsayar da komai, a nemo ta.

Wanda bai ga garejin nan ranar ba bai ga abin kallo ba. Manyan mutane masu iyali, kusan talatin, kowa a rarrafe, ɗuwawu sama, tocila a baki. Manaja da tumbinsa ya durƙusa, wandonsa ya ce ɓarrr tun daga baya har gaba, ya ƙarasa neman da tawul ɗaure a ƙugu. An zura kyamara mai dogon wuya cikin fiffiken ta leƙa kowane lungu. An zuƙe ƙurar ciki da inji, aka zazzage jakar a farar takarda aka tankaɗe kamar gari. An ja babban mayen ƙarfe mai taya a ƙasa daga bango zuwa bango, ya tsinto ƙusoshi huɗu, da allura, da ɗan kunnen wata injiniya, da makullin sito da aka kori maigadi a kansa bara. Ƙwaya dai shiru.

Sai aka juyo kan Ƙanƙara. Aka tuɓe masa rigar aiki, da takalmi, da safa, da hula, aka zazzage kowane. Ya tsaya daga shi sai singileti da gajeren wando a tsakiyar gareji, hannuwa a buɗe, har wani ya yi mamakin yadda ya iya tsayuwar kamar ya saba. Wani makanike ya bi shi da mayen ƙarfe tun daga yatsun ƙafa. Ya hau gwiwa, ya hau ciki, ya hau ƙirji, ya zo haɓa. A nan ya ɗaga ido ya yi arba da gashin bakin, sai ya kewaye shi a hankali kamar mai wuce kare yana barci, ya koma ta bayan kunne. Mutum talatin suna kallo, ba wanda ya ce kanzil, don shekaru sun koya musu cewa wurin nan ba a zuwa. Shi kansa mai abin, da kullum hannunsa ke can, ranar ko sau ɗaya bai kai ba, bakunan biyu ma sun sunkuyo ƙasa.

Ƙarfe huɗu Jan Biro ya ja shi gefe. Ya ce masa ya tafi gida, tsayuwarsa ba ta ƙara komai. Su za su ci gaba har shida. In shida ta yi ba a gani ba, dole ya rubuta, dole a farke fiffiken gaba ɗaya, jirgin ya yi mako a ƙasa. Bai ambaci ƙusa ba, amma duk su biyun can suke kallo.

"Wallahi, Ƙanƙara, shekara ashirin ina jiran ranar nan," in ji shi a hankali. "Ga ta ta zo, kuma ba na son ta."

Yadda babur ya kai shi gida, babur ɗin ne ya sani. Kwastan tana bakin ƙofa kamar kullum. Kallo ɗaya ta yi masa ta san ba lafiya, amma ba ta matsa ba. Ya ce ta bar shi ya wuce, yau ba komai a jikinsa, an riga an caje shi a can. Ta ce su wa? Ya ba ta labari a tsaye, guntu-guntu, har ya kai ga cewa ƙusar nan gobe zai je ya zare ta da kansa kafin a zare masa. Ta ji tausayinsa har cikin ranta, amma abin da ya fi tsaya mata shi ne wai wasu ƙarti sun taɓa mata aikinta.

"Ɗaga hannu, Malam."

Ya ɗaga, don gardama ma ƙarfi take so. Naɗin wando, shiru. Aljihu, shiru. Wuyan riga, bayan kunne, gira, duk shiru, lallai ƙartin sun yi ƙoƙari. Ta zo ƙarƙashin hanci, ta bi ɓangaren dama, ta bi na hagu, ta dawo ta danna cikin kaurin inda man nan mai danƙo ya fi taruwa. Ba ƙas aka ji ba. Wani ɗan sauti ne mai nauyin jiki, kamar wanda aka tasa daga barci. Ta janye hannu ta kai mayen ƙarfen wajen haske, ta ƙanƙance ido, ta juya shi.

"Wannan ba tamu ba ce," ta ce. "Namu da tsalle suke zuwa. Wannan sai da na roƙe ta. Ga ta baƙa-baƙa, kuma gindinta a daɓe yake."

Ƙanƙara ya leƙa. Ya yi wata ƙara da ta sa kajin maƙwabta watsewa, ya kama Kwastan ya juya da ita a bakin ƙofa, a gaban duk mai wucewa, dattijo da jikoki biyar. Ta ce ya sake ta kafin ya zubar da abin, mahaukaci kawai. Ta manne ƙwayar da salatef a jikin mayen ƙarfen, ta ƙulle a hankici, ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da jaka mai nauyi. Ya ce ina za ta? Ta ce wanda ya kama ɓarawo shi ke kai shi ofis. Ya ce jakar fa? Ta ce ya tuƙa.

Biyar da kwata suka tashi. Mutumin da bai taɓa wuce keke a hanya ba ranar ya wuce motar haya uku, yana hon yana gaisar da mutanen da bai sani ba, tana dukan bayansa tana cewa ita fa ba ta yi sallama da 'ya'yanta ba. A ƙofar shiga maigadi ya ce ba ta da kati. Ta ce shekara talatin da biyu tana yi wa wurin nan aiki ba kati, yau ne za a tambaye ta? Sai da aka kira Manaja a waya, ya zo da tawul ɗinsa ya shigar da ita. Saura minti goma sha biyu shida ta sa ƙafa a garejin, karo na farko a rayuwarta. Ta ɗaga kai ta kalli jirgin, ƙato kamar unguwa guda, ta sauke ido ta kalli ƙasa, ta ce ba laifi, ana shara.

Jan Biro ya karɓi hankicin kamar an ba shi jariri. Ya ɗauke ƙwayar da ɗan hantsaki, ya sa ta ƙarƙashin gilashi, ya jawo harshen ya saka ta a gurbin. Ta zauna daram, har guntun abin da ya manne ta ya haɗu da ɗan'uwansa. Ya ƙirga da ƙarfi, mutum talatin suna taya shi, da aka kai ashirin da huɗu garejin ya ɗauki sowa har tantabarun rufi suka tashi. Da aka ji inda aka same ta kuwa, makaniken nan da ya kewaye wurin ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Amma sufeto sufeto ne. Ya ce dole ya rubuta wanda ya gano ta da yadda aka yi, kuma yana neman afuwa, amma ta yaya uwar gida da ba ta taɓa shigowa nan ba ta bambance wannan ƙwayar da sauran? Ƙanƙara ya fara tari. Ya yi mata ido, ya yi mata gira, ya taka mata ƙafa. Kwastan ta buɗe jaka ta fito da kwalba cike taf da ƙwayoyin ƙarfe, ta dire ta a teburin har biron ya yi tsalle.

"Takwas suna gida," ta ce. "Wannan ta tara ce."

Kowa ya ƙura wa kwalbar ido. Can wani daga baya ya ce, a hankali, ni ƙwaya ba ta taɓa, sai sauran suka ƙarasa masa baki ɗaya. Sannan aka ji wani sauti kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa mai tsatsa, aka waiwaya, ashe Jan Biro ne yake dariya, da haƙora da komai, har yana share hawaye. Ƙanƙara ya so ƙasa ta tsage. Kunya ta rufe shi, sai kuma ya ga abin ya fi ƙarfin kunya, shi ma ya fashe. Da ya samu numfashi ya ce to, tun da asiri ya tonu, a rubuta daidai: ƙwaya tana kuɓuce masa kullum ta Allah, Kwastan ce dai ba ta taɓa kuɓuce wa ba.

Jan Biro ya buɗe littafin doka ya bi shi shafi-shafi, ya ce bai ga inda aka hana mutum kai ƙwayar akwati gidansa a bayan kunne ba. Ta cikin jirgi ita ce magana, kuma mai ita ya kawo kansa da kansa, an nema, an samu. Ya rubuta rahotonsa da shuɗin biro. Washegari aka liƙa sabuwar doka a bango cewa caje ya haɗa da gemu da gashin baki, kome girman mai su.

Ranar rataye hatimi aka ga ƙusa biyu tsirara a allon, don Ƙanƙara ya sake zuwa da gudumarsa. Ya rataye hatiminsa a ɗaya, ya juya ya miƙa wa Kwastan hannu a gaban jama'a, ya ce ta kawo mayen ƙarfen, wurinsa ke nan. Ta ƙanƙame jakarta ta ce a'a. Aka yi ta roƙo, har Manaja ya sa baki, ta ce su rataye nasu, nata yana da aiki. Haka ƙusa ta biyar ta zauna tsirara, kuma an ce Jan Biro ne yake goge ta yanzu.

Litinin ta farko da ba aiki, Ƙanƙara ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya leƙa tukunya sau uku har aka kore shi, da rana ta yi sanyi ya fita yawo. Ƙarfe huɗu da rabi ƙafafunsa suka kawo shi bakin ƙofa, ya tarar da ita tsaye. Ya buɗe hannuwa. Ta bi shi tun daga naɗin wando har ƙarƙashin hanci, ta sake dawowa ƙasa, ba ƙas ko ɗaya. Ta ce to, shiga. Ya shiga. Ranar ba a kama ɓarawo ba, ba a yi musu ba, abincin ma kowa ɗan taɓawa ya yi, kuma su duka biyu sun san abin da ke damunsu.

Talata ya sake fita. Huɗu da rabi ya dawo yana wani basarwa, bakunan gashin baki a murɗe har suna neman ido. Tana kai mayen ƙarfen naɗin wandonsa na dama, ƙas, ƙas, ƙas, har uku.

"An kama ɓarawo," ta ce.

"Sharri ne. Ke kika sa mini."

Ta share su da yatsa ta shiga ɗaki. Kujera tana jingine da kabad, inda ba a saba ajiye ta ba, murfin kwalba ta tara kuma a karkace. Ta zuba ƙwayoyin ta rufe. Har ta ɗaga hannu za ta mayar da kwalbar sama, sai ta tuna gwiwarsa ta hagu da take damunsa in ya hau abu. Ta sauko da ita ta ajiye a kan teburin gefen gado, ta ɗan sassauta murfin, ta mayar da kujerar falo.